Me ya sa kakaki ba ya fita a waya yadda ka ji shi a ƙofar fada?

Idan ka taɓa tsayawa a ƙofar fadar Haɗeja ranar hawan sallah, ka san yadda kakaki yake: ba da kunne kaɗai ake jin sa ba, har ƙirji yake taɓawa. Sai ka ciro waya, ka danna saƙon murya a WhatsApp don ɗan'uwanka da ke Legas ya ɗanɗana. Da yamma ka kunna abin da ka tura, sai ka ji kamar ana hura bututun roba a cikin gwangwani. Tambura sun koma ƙwas-ƙwas, algaita ta shaƙe, hayaniyar jama'a kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Wani zai ce maka ka kai wa masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, akwai manhajar da ke ɗaga sauti daga 16kHz zuwa 48kHz ko ma 96kHz, sai ya fito tas. Ka kai, an ɗaga, fayil ɗin ya ninka girma ya cinye maka memori, amma da ka sa a kunne, gwangwanin nan yana nan.

Ba cutar ka aka yi ba, manhajar ta yi abin da aka ce ta yi. Kawai dai abin da take yi daban ne da abin da kake tsammani. Kafin mu je can, sai mun fara da yadda sauti ke shiga waya tun farko.

Sauti kaɗawar iska ce. Fatar kalangu in an buga ta, tana turo iska gaba ta janye ta baya, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, wannan turi da janyewa ne ke isa dodon kunnenka. Yawan kaɗawar a daƙiƙa shi ake aunawa da Hz. Ƙasa-ƙasa kamar rugugin tambari, kaɗawa kaɗan ce; siriri kamar kukan gyare, kaɗawa dubbai ce. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz, kuma wannan iyakar ta sama tana saukowa da shekaru. Da yawanmu da muka haura arba'in ba ma jin komai sama da 15,000, musamman wanda ya daɗe kusa da injin niƙa ko janareta.

Makirufo yana mayar da kaɗawar iskar ta zama lantarki mai hawa da sauka. Amma kwamfuta ba ta iya ajiye abu mai gudana, lambobi kawai ta sani. To ta yaya ake mayar da abu mai hawa da sauka ya koma lambobi?

Mutanen bakin kogi sun riga sun san amsar. Ka tuna sandar nan mai lambobi da ake kafawa a gindin gada don auna tsawon ruwa. Kogin Haɗeja ba ya tsayawa, dare da rana yana hawa ko yana ja. Ma'aikacin da ke kula da ma'aunin ba ya kwana yana kallon sa. Yakan zo da safe, ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta lamba ɗaya a littafi, ya tafi. Gobe ya dawo. Bayan damina, in ka jera lambobin nan a takarda ka ja layi a kansu, za ka ga yadda ruwa ya taso daga Wudil, ya cika fadamun Auyo da Kafin Hausa, ya kai ƙololuwa, ya fara sauka. Ba ka ajiye kogin ba, amma ka ajiye labarinsa, kuma labarin ya isa, saboda babban kogi ba ya cika ya ƙafe a cikin awa biyu.

Yanzu ka ɗauki ɗan kwarin da ke bayan gari, wanda in an yi ruwa mai ƙarfi da la'asar yake cika ya tumbatsa, kafin asuba ya tsane. In ma'aikacinmu sau ɗaya yake zuwa da safe, littafinsa zai nuna kwarin bai taɓa cika ba. Abu mai saurin canzawa yana buƙatar a riƙa duba shi akai-akai.

Abin da waya ke yi ke nan. Tana duba ƙarfin lantarkin da ke fitowa daga makirufo ta rubuta lamba, ta sake dubawa ta rubuta, sau dubbai a daƙiƙa. Kowace lamba ita ce samfur ɗaya. In ka ga an rubuta 48kHz a jikin fayil, ana nufin samfur 48,000 a kowace daƙiƙa. Akwai kuma tambaya ta biyu: zanen da ke jikin sandar, yaya ƙanƙantarsa? Sandar da aka zana mita-mita kawai ba za ta nuna maka ƙarin ruwa na ɗan yatsa ba. A sauti, wannan shi ne yawan bit. Bit 16 yana ba da matakai 65,536, bit 24 kuma sama da miliyan 16. Kuskuren da ake samu wajen zagaye lamba zuwa zane mafi kusa yana fitowa ne a matsayin 'yar ƙaramar shuuu, kuma a bit 16 tana ƙasa sosai har ba ka jin ta a ɗaki na yau da kullum. Wannan ɓangaren ba shi ne matsalarmu ba yau, mu bar shi nan.

Sau nawa ya isa?

Amsar tana da sauƙin faɗa: in kana son ka kama sautin da ke kaɗawa sau kaza a daƙiƙa, sai ka ɗauki samfur fiye da ninkinsa biyu. Harry Nyquist, injiniya a kamfanin tarho na Amurka, ya taɓo batun a 1928 yana nazarin saƙon telegiram. Vladimir Kotelnikov ya tabbatar da shi a Rasha a 1933, Claude Shannon kuma ya shimfiɗa shi a 1949 yadda ake koyar da shi har yau. Abin mamaki a ciki, wanda ko ɗaliban injiniya sukan daɗe ba su yarda da shi ba, shi ne ba kusan-kusan ake nufi ba. In sautin ba shi da wata kaɗawa da ta kai rabin yawan samfur, to layi ɗaya tak ne mai santsi zai iya ratsa duk ɗigogin nan, kuma shi ne ainihin sautin da ya shiga. Babu abin da ya ɓace a tsakanin samfur da samfur, domin babu abin da ke da saurin da zai ɓuya a wurin.

Shi ya sa hoton nan da ake yawan nunawa, na sautin dijital kamar matakalar bene, yake ɓatar da mutane. Abin da ke fita zuwa lasifika ba matakala ba ce, layi ne mai santsi.

To in aka karya dokar fa? Nan abin ke da ban sha'awa. Sautin da ya fi ƙarfin ma'aunin ba ya ɓacewa shiru, sojan gona yake yi. Gwada wannan a tunani: kana auna zafin garin Haɗeja, amma maimakon kowace awa, sai ka riƙa aunawa sau ɗaya duk bayan awa 25. Yau ƙarfe goma sha biyu na rana, gobe ƙarfe ɗaya, jibi ƙarfe biyu, a hankali har ka shiga dare, har ka zagayo. Wanda ya karanta littafinka bai san yadda ka yi ba zai rantse cewa a Haɗeja zafi yana hawa ya sauka sau ɗaya ne a cikin kwana 25. Juyin dare da rana ya ɓace, wani juyi na ƙarya mai nawa ya maye gurbinsa. Ka ga irinsa a bidiyo, lokacin da tayar babur ko fanka ke gudu amma a allo kamar tana juyawa baya a hankali.

A sauti haka yake: in kana ɗaukar samfur 8,000 a daƙiƙa, sai sauti mai 6,000 Hz ya shigo, zai zauna a fayil ɗin a matsayin 2,000 Hz, kuma babu mai iya bambance shi da 2,000 na gaskiya daga baya. Don haka kowace na'ura tana da rariya a bakin ƙofa, wadda ke tace duk abin da ya haura rabin yawan samfur kafin a fara ƙidaya. Riƙe wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin maganar: abin da rariya ta hana shiga bai taɓa zama lamba ba. Ba a ɓoye yake a cikin fayil ɗin ba, babu shi ne gaba ɗaya.

Hausa a cikin bututun tarho

Kiran waya na asali samfur 8,000 yake ɗauka a daƙiƙa, kuma abin da yake wucewa da shi daga 300 ne zuwa 3,400 Hz. An zaɓi haka tun zamanin tarho mai igiya, don a cusa kira da yawa a layi ɗaya, kuma an lissafa cewa ya isa a gane magana. Ya isa ɗin, amma da kyar a wasu wurare. Yawancin ƙarfin harafin s yana sama da 4,000 Hz, wato can bayan rariya. Shi ya sa a waya "sara" da "fara" suke kusantar juna, kuma in mutum yana faɗa maka sunan da ba ka saba ji ba sai ka ce ya maimaita sau uku. A cikin jimla ba ka lura, saboda ƙwaƙwalwarka tana cike gurbin da abin da ta san ya dace.

Akwai wani abu da ya fi wannan ban mamaki ga mai jin Hausa. Harshenmu yana bambance kalmomi da karin sauti: kuka ta miya da kuka na hawaye, kai ɗin da nake wa magana da kai na bisa wuya. Karin nan yana zaune ne a kaɗawar maƙogwaro, wadda a muryar namiji babba takan kasance tsakanin 85 da 180 Hz, ta mace kuma ba ta cika wuce 255 ba. Duk suna ƙasa da 300, wato tarho ya yanke su. Amma ba ka taɓa rikita miyar kuka da kuka a waya ba. Dalili shi ne murya ba kaɗawa ɗaya ba ce. In maƙogwaro yana kaɗawa 120, tare da shi akwai 240, 360, 480, 600, haka har sama. Tarho ya jefar da 120 da 240, amma ya bar 360, 480, 600, kuma tazarar da ke tsakaninsu 120 ce. Kunne da ƙwaƙwalwa suna karanta tazarar su dawo maka da karin. Wannan dabarar ce kuma ke sa ka ji kamar akwai kauri a kiɗan da ke fita daga 'yar lasifikar waya wadda ba ta da girman da za ta kaɗa iska a hankali haka.

Sababbin hanyoyin kira, irin wanda wani lokaci za ka ga waya ta nuna HD, suna ɗaukar samfur 16,000, suna kai wa 7,000 Hz, shi ya sa za ka ji kamar mutumin yana gefenka. Rediyon FM yana kai wa 15,000. Gajeren zango da iyayenmu suka saba kama BBC da shi bai cika wuce 5,000 ba, amma sun ji labaran duniya da shi shekara da shekaru.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, shi aka yi don ya rufe duk abin da kunne ke ji: ninkin 20,000 shi ne 40,000, sai ɗan rara don rariya ta samu wurin aiki. Lambar 44,100 kuwa gadon talabijin ce. A lokacin, na'urar da ke iya ajiye lambobi masu yawa haka cikin sauƙi ita ce rikodar bidiyo, sai aka riƙa cusa samfur uku a kowane layi na hoto. A tsarin talabijin irin namu da na Turai, layi 294 sau 50 a daƙiƙa sau 3 ya ba da 44,100. A tsarin Amurka da Japan, 245 sau 60 sau 3 ya ba da 44,100 ɗin dai. Harkar fim da bidiyo kuma ta zauna a kan 48,000. Minti ɗaya na CD yana cin sama da megabait 10 kaɗan.

Mu koma littafin ma'aikacin

A ce ma'aikacinmu sau ɗaya yake aunawa a rana, sai ofis ya ce yana son lamba ta kowace awa shida. Damina ta riga ta wuce, ba zai koma ya sake aunawa ba. Abin da zai iya yi shi ne ya buɗe sabon littafi, ya bar gurbi uku tsakanin kowace lamba da mai bi mata, ya cike su da lissafi: jiya mita uku, yau mita uku da santimita ashirin, to tsakani ruwan yana kusan nan da nan. Littafin ya ninka huɗu, kuma in ya iya lissafi, lambobin da ya cike za su yi daidai da kogin mai tafiya a hankali. Amma in wani dare jinga ta ɓalle a sama, ruwa ya yi tsalle ya koma kafin safiya, sabon littafin ba zai nuna ba. Lambobin da aka ƙara 'ya'yan tsofaffin ne, ba su san abin da iyayensu ba su gani ba.

Wannan shi ne ɗaga yawan samfur, abin da mai shagon nan ya yi wa kakakinka. A aikace manhajar tana saka sifili a guraben, sannan ta bi da rariyar lissafi wadda ke mayar da su lambobin da layin nan mai santsi ya ratsa. Ko daga 44,100 zuwa 48,000, waɗanda suke kusa da juna, sai an ninka da 160 a raba da 147. In an yi shi da kyau, abin da ka samu shi ne sautin da ka kawo, ba ƙari ba ragi. In an yi shi da ha'inci, misali a ja miƙaƙƙen layi kawai daga ɗigo zuwa ɗigo, sai a dusashe sautukan sama a kuma ƙara wani ƙaiƙayi da babu shi a asali. Wato mafi kyawun sakamakon da za ka samu shi ne kada a ɓata maka komai.

Kada ka ɗauka aikin banza ne, domin wayarka tana yin sa kullum ba ka sani ba. Yawancin wayoyi suna fitar da sauti a 48,000, don haka duk waƙar da ke 44,100 sai an juya ta kafin ta kai kunnenka. Mai haɗa fim a Kano da ya karɓi waƙa daga situdiyo dole ya daidaita ta da 48,000 na bidiyonsa. Kuma akwai wurin da dabarar ta yi rana ƙwarai, wato cikin na'urar da ke mayar da lambobi su koma lantarki. Lokacin da ake mayarwar, kwafin sautin na bogi yana bayyana sama da rabin yawan samfur, kuma dole a tace shi. A CD, sautin gaskiya ya ƙare a 20,000, na bogi ya soma daga 22,050 zuwa sama. Gina rariyar lantarki da za ta bar na farko ta kashe na biyu a ɗan wannan tsukin abu ne mai wuya da tsada, kuma takan taɓa sautin da ake son karewa. Injiniyoyin Philips, a na'urorinsu na farko, sai suka ninka samfur sau huɗu da lissafi zuwa 176,400 kafin mayarwa. Bogin ya koma can sama da 150,000, inda rariya mai arha ma za ta kawar da shi. Kusan duk na'urar yau haka take yi, har ma da ninki mai yawa fiye da haka. Amfanin a nan shi ne sauƙaƙa wa na'ura aikinta. Ba a ƙara wa waƙar komai ba.

To masu sayar da waƙa a 96,000 ko 192,000 fa, waɗanda tun asali a haka aka naɗe su? An gwada. A 2007, Brad Meyer da David Moran sun wallafa gwajin da suka yi wa masu sauraro sau ɗaruruwa ba tare da sun san wanne ake kunna musu ba, kuma amsoshin daidai suka tsaya a kusan rabi, kamar jefa kwabo. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya sake lissafi, ya ga akwai ɗan bambanci, kaɗan sama da kashi 50 cikin ɗari, kuma ya fi fitowa ga waɗanda aka horar. Ni dai abin da na ɗauka daga nan: ko akwai bambancin, ƙarami ne ƙwarai, kuma a ɗaki mai shiru da kayan sauti masu tsada ake neman sa. Wanda ke sauraro da 'yar lasifikar Bluetooth a shago, janareta na ruri a baya, ba wannan ne damuwarsa ba.

In gaskiya za a bi ma, yawan samfur ba shi ne babban mai laifi a kan kakakinka ba. Na farko, makirufon waya ƙarami ne, ƙarar kakaki da tambura a kusa takan fi ƙarfinsa, sai kawunan kaɗawar su gutsure, kamar ruwan da ya shanye sandar awo gaba ɗaya: littafi zai nuna lamba mafi girma kawai, ba zai faɗi da nawa aka wuce ta ba. Na biyu, waya tana da dabarar rage hayaniya da aka gina don maganar mutum ɗaya, kuma a wurinta taron hawan sallah duk hayaniya ne. Na uku, saƙon murya matse shi ake yi. WhatsApp yana amfani da wani tsari mai suna Opus, wanda ke zubar da duk abin da ya lissafa kunne ba zai yi kewarsa ba, don saƙon ya wuce ko da layin sadarwa ya yi rauni. A magana yana ƙoƙari sosai. MP3 ma haka yake: a 128kbps minti ɗaya bai kai megabait ɗaya ba, wato kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na CD, sauran an zubar.

Nan ne mutane suka fi asara. Tura fayil ta Xender ko kwafe shi daga memori zuwa memori ba ya rage komai, ko sau dubu aka yi, lambobin su ne dai. Amma duk lokacin da aka buɗe MP3 aka sake matse shi, ko aka kunna a wata waya aka naɗa da wata, an sake zubar da wani abu, kamar hoton takardar da aka yi daga hoton takarda. Wanda ya ɗauki MP3 mai 64kbps ya mayar da shi 320kbps ya ba ka buhu babba ne da hatsin ƙaramin buhu, har ma an ɗan zubar wajen juyewa. Za ka iya kama wannan da idonka. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, kuma tana nuna hoton sauti, kaɗawar ƙasa a ƙasa, ta sama a sama. Fayil ɗin da aka ɗaga za ka ga ya yanke ƙat a wani layi, daga nan zuwa sama baƙi ƙirin.

Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun zo da wani abu daban, kuma ya kamata a bambance. Su ba cike gurbi da lissafi kawai suke yi ba. An horar da su da dubban muryoyi, don haka in suka ga ƙasan murya sai su zana saman da ya fi kama da wanda ya kamata ya kasance a wurin. Sau da yawa sakamakon yana da daɗin ji. Sai dai zane ne. Ma'aikacinmu ne ya duba littattafan wasu koguna ya rubuta abin da yake ganin ya faru a daren da bai zo ba. Don sauraron nishaɗi babu laifi. Amma in muryar shaida ce a gaban alƙali, ko ana nazarin yadda tsofaffin Guri ko Birniwa ke furta wani harafi, s ɗin da manhajar ta saka ba ta bakin mai maganar ba ce, kuma mafi yawan muryoyin da ta koya daga gare su ba Hausa suke yi ba.

Akwai masu buƙatar samfur mai yawa da gaske, kuma ɗaya daga wuraren aikinsu yana nan kusa. Dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wanda aka sa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, matattara ce ta tsuntsayen gida irin su kirinjijiya da dinya, da baƙi masu zuwa daga Turai lokacin sanyi. A duniya yanzu masu nazarin halittu sukan rataye 'yan na'urorin naɗar sauti a bishiya su bar su kwana da kwanaki, daga baya su tantance wane ne ya yi kuka da yaushe. Ga tsuntsaye 48,000 ta wadatar, domin yawancin kukansu bai wuce 8,000 Hz ba. Amma ƙananan jemagu masu cin ƙwari suna kiran da ya haura 20,000, wasu har sama da 100,000. Wata 'yar na'ura mai suna AudioMoth tana kai wa samfur 384,000 a daƙiƙa saboda su. In ka naɗi daren fadama a 48,000, jemagun ba sa ciki, kuma in rariyar na'urarka ba ta da kirki, mai kiran 40,000 zai fito maka a 8,000 yana sojan gona, ka rubuta shi a matsayin wani ƙwaro.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dai kaset ne. A gidaje da yawa na ƙasar Haɗeja akwai kwali ko tsohuwar jaka cike da su: karatun malaman da suka rasu, waƙoƙin makaɗan da ba su taɓa shiga situdiyo ba, saƙon murya da ɗan'uwa ya aiko daga Sudan ko Makka tun kafin zuwan wayar hannu. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son laima, kuma mu duka ukun muna da su. Wanda zai juye su sau ɗaya zai samu ya yi, don haka ranar ce ake yanke hukuncin abin da zai rage. A nemi rikoda mai lafiya a goge kanta, a haɗa ta da kwamfuta da igiya maimakon a kara waya a bakin lasifika, a rage ƙarfi yadda ba zai shanye sandar ba, a ajiye a WAV wanda ba ya matsewa. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya tana ba da shawarar kada a gaza 48,000 da bit 24, kuma ma'ajiyoyi da yawa 96,000 suke amfani da shi. Kaset bai kai can ba, amma wurin ajiya yana da arha, sake juyewa kuwa ba lallai ya yiwu ba. Daga wannan uwar kwafin sai a cire MP3 a raba wa dangi. In za a tura uwar kanta ta WhatsApp, a tura ta a matsayin takarda, a haka ba ya taɓa ta.

Wani aminina daga wajen Auyo ya kawo mini fayil bara, muryar kakansa ce yana ba da labarin yadda ake su a fadama kafin a gina madatsar Tiga a 1974, da sunayen kifaye da na tafkunan da wasunsu kachala ta cinye yanzu. Kaset ɗin ya tafi a ambaliyar 2022 tare da ɗakin da yake ciki. Abin da ya rage shi ne saƙon murya da ƙaninsa ya taɓa yi, ya kara waya a jikin rediyo, daga baya wani ya ɗaga shi zuwa 48kHz. Muka buɗe hoton sautin: ya yanke a wajen 8,000, samansa babu komai, ƙasansa kuma ga ƙarar fanka da kukan akuya. Na rage masa ƙarar fankar, na daidaita ƙarfin muryar, ana jin tsohon sarai in an natsu. Akwai sunan wani tafki da ya faɗa sau ɗaya kawai, mun maimaita wurin ya fi sau ashirin, har yanzu ba mu daidaita ba ko da s ya fara ko da f.